Kifin da ake shanya ƙwansa: ina jinƙai a nan?

A kududdufan damina na Zimbabwe da Mozambik akwai wani ɗan kifi da bai wuce tsawon yatsa ba, masana suna kiransa Nothobranchius furzeri. Cikin mako 2 zuwa 3 da ƙyanƙyashewa yake balaga, ya binne ƙwai a laka, ruwa ya ƙafe, ya mutu. Gaiwa takan shige laka da ranta ta jira damina, shi kuwa ƙwansa ne ke jira. Yana da ɗan uwa a ƙasar Hausa, wanda aka bayyana a 1928 daga kogin Kiyawa, har sunan kogin ya shiga sunansa na kimiyya. Masu kiwon irin waɗannan kifaye a akwatin gilashi suna sa musu ruɓaɓɓiyar gansakuka su yi ƙwai a ciki, sannan su kwashe ta, su matse, su ɗaure a leda da ɗan danshi, su ajiye a duhu na wasu watanni kafin su zuba ruwa. Wato mutum ne ke ƙirƙira musu rani da hannunsa. Shin wannan zalunci ne?

Ni a ganina ba zalunci ba ne, domin jinƙai ga dabba ana auna shi da halittarta, ba da abin da mu muke jin daɗinsa ba. Mun ɗauka ruwa alheri ne ga kifi a kowane hali, amma wannan ƙwan an halicce shi da dakatawa: ɗan tayin yakan tsayar da girmansa cak, a matakai har 3, ya jira. Binciken da aka yi a Jami'ar Stanford, aka buga a 2020, ya nuna cewa watannin jiran ba sa rage komai daga tsawon ran kifin bayan ya fito. Haka kuma ko an tsare masa ruwa bai ƙafe ba, cikin 'yan watanni zai tsufa ya mutu. Ashe gajeren ran ba rani ne ya jawo masa ba kawai, a jikinsa yake, kuma wanda ya shanya ƙwai yana bin tsarin da ya tarar ne.

Mai ja zai ce to, ai tsarewar kanta ce laifin. Maganar tana da nauyi, domin hadisi ya zo da labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle. Sai dai abin da ya halaka ta shi ne ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. A wani hadisin Annabi (SAW) ya tambayi yaro Abu Umair labarin ɗan tsuntsunsa bai tsawata masa ba, kuma daga nan malamai suka fitar da halaccin ajiye tsuntsu in ana kula da shi. Sharaɗin kulawar ne ke da wuya, kuma a nan ne da yawa ke faɗuwa. Kifin nan maciyi ne, yana son abinci mai rai kullum. Namijinsa mai naci ne, in aka bar shi da mace guda zai gajiyar da ita, shi ya sa ake haɗa shi da biyu ko uku. Ba kuma duk ƙwai ke ƙyanƙyashewa a jiƙon farko ba, wasu na saura don gudun ruwan farko mai yaudara. Wanda ya zubar da gansakukar bayan jiƙo ɗaya, maimakon ya sake shanya ta ya jira, ya zubar da rayuka ne bai sani ba.