Damin Gero Ba Ya Biyan Gadon Mace

Ga tambayarmu ta wannan mako. Mutumin da ya riƙe gonar da mahaifinsu ya bari, ya hana a raba, amma kowace kaka yana aika wa ƙanwarsa da damin gero biyu ko uku, shin taimakonta yake yi ko kuwa cin haƙƙinta?

A ƙauyukan Dutse da Kiyawa da Jahun da yawa za su ce ai wannan ɗan'uwa ne nagari. Hujjarsu ita ce in aka yanka wa mace rabonta, gonar gado ta koma hannun bare, watau mijinta. Alhali kuwa aya ta 7 cikin Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabo, dukiyar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Aya ta 11 ta ba 'ya rabin rabon ɗa, ta 12 ta ba matar mamaci tumuni in akwai ɗa ko 'ya, rubu'i in babu. Ba a togace gona ko gida ba. Saboda haka geron nan nata ne tun asali, an ɗebo mata kaɗan ana kiransa alheri.

Abin ya ƙara muni tun 1991 da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa, gonakin kewayen gari suka zama fulotai masu tsada. Kuɗin fili ya ninka, damin gero yana nan yadda yake. Ran da aka sake ta, ko mijinta ya rasu, sai ta dawo a matsayin baƙuwa cikin gidan da take da kaso a cikinsa, ta ɗora wa 'yarta tallar gyaɗa zuwa kasuwar Shuwarin a lokacin makaranta. Mu kuma mu hau mumbari muna zagin talla!

Wani zai ce ai ta yafe. To, yaya mutum zai yafe abin da ba a taɓa auna masa ba, kuma ya san in ya tambaya za a ce ya yanke zumunci? Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, cikin Nurul Albab, malamai ya ɗora wa laifi a kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Alƙali ba ya raba gadon da ba a kai gabansa ba, kunya kuwa ta hana mace zuwa. Amma liman yana wurin ranar jana'iza, ya san magada ɗaya bayan ɗaya, shi ya kamata ya tambayi ranar rabo.