Spider-Man a Gidan da Ba Don Shi Aka Gina Ba

A birnin Anaheim na jihar Kalifoniya, cikin dandalin shaƙatawa na Disney California Adventure, jama'a kan taru su ɗaga kai suna jira. Can sai a ga Spider-Man ya yi tsalle daga saman wani gini, ya lula sama kusan mita 20, ya yi alkafura a iska, ya faɗa bayan wani rufi. Mutum-mutumi ne injiniyoyin Disney suka ƙera, amma yara na ihu kamar jarumin ne da kansa. Kusa da nan akwai amalanken sayar da shawarma, saboda a ƙarshen fim ɗin Avengers na 2012 an nuna jaruman sun zauna suna cin shawarma bayan sun gama yaƙi. Wannan unguwa ita ce Avengers Campus, wadda aka buɗe a watan Yunin 2021.

Babu mai musun cewa wurin na jan jama'a. Gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masoya waɗannan dandali ita ce: me Spider-Man, ɗan unguwar Queens ta birnin New York, yake yi a wurin da aka gina don yabon Kalifoniya?

Tambayar ta fi ƙarfin harkar wasan yara. Tsohuwar matsala ce ta masana falsafa. Marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka shiga jayayya ko jirgin na nan a matsayinsa na da ko ya zama wani daban. Waɗanda suka ce yana nan suna da hujja mai ƙarfi: kowane sabon katako an sassaƙa shi daidai da siffar wanda aka cire, kuma aikin jirgi yake yi. Wato abin da ke riƙe da asalin wuri shi ne manufar da aka gina shi a kai, ko da kayan cikinsa sun sauya. A kan wannan ma'auni ya kamata a auna jaruman kamfanin Marvel irin su Spider-Man, kuma sakamakon ba ɗaya ba ne a ko'ina.

A dandalin Islands of Adventure na kamfanin Universal da ke Orlando, wanda aka buɗe a 1999, ba a taɓa jin wannan ƙorafi sosai ba. Tun daga tushe an tsara shi a matsayin tsibirai da ke kewaye da tafki, kowanne da nasa labarin: nan dabbobin Jurassic Park, can littattafan yara na Dr. Seuss, gaba kuma tsibirin jaruman Marvel, da Hulk da Spider-Man. Mai gida ne ya ware musu ɗaki tun ranar da aka aza harsashi. Wata yarjejeniya da Universal ya ƙulla da Marvel a 1994 ta ba shi ikon amfani da waɗannan jarumai a gabashin kogin Mississippi, kuma tana aiki har yau, duk da cewa Disney ya saye Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan 4.

Labarin California Adventure ya fi sarƙaƙiya. An buɗe shi a watan Fabrairun 2001 da nufin tattara Kalifoniya a wuri guda: gonakin inabi, dazuzzukan manyan itatuwa, tarihin ƙera jiragen sama, titunan Hollywood, da wasannin bakin teku. Jama'a ba su zo yadda aka zata ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan baƙin mazauna Kalifoniya ne, ba su ga abin biyan kuɗi su kalli kwaikwayon abin da ke bayan gidansu ba. Kamfanin Disney ya zuba sama da dala biliyan 1 wajen gyara, aka buɗe unguwar Cars Land a 2012, aka mayar da bakin tekun ya zama Pixar Pier a 2018. Kafin jarumai su iso, manufar farko ta riga ta yi rauni.

Duk da haka, abin da aka yi wa wani dogon bene na dandalin mai suna Tower of Terror ya taɓa zukata. A da, siffarsa ta tsohon otal ce na Hollywood a 1939. Mai shiga kan tarar da zaure mai ƙura da yanar gizo-gizo, akwatunan matafiya a ajiye kamar masu su sun fita za su dawo, kafin a sa shi a na'urar hawa bene ta sako shi ƙasa a guje. A lokacin, ginin na da alaƙa da garin da zamanin da dandalin ke magana a kai. A 2017 aka lulluɓe shi da bututu da ƙarafa masu ƙyalli, ya zama sansanin wani mai tara halittun sararin samaniya daga fim ɗin Guardians of the Galaxy. Na'urar ita ce dai, faɗuwar ita ce dai, masu hawa da yawa ma sun ce sabon ya fi daɗi. Amma benen ya fi mita 50, ana hango shi daga nesa, har daga titin da aka gina don ya yi kama da Los Angeles ta shekarun 1920, lokacin da Walt Disney ya isa garin yana matashi.

Wannan ya saɓa wa wata ƙa'ida da Disney da kansa ya kafa. Tun 1955 aka kewaye Disneyland da tudun ƙasa don kada idon baƙo ya faɗa kan abin da ke waje. Da aka zo gina Magic Kingdom a Florida, wanda aka buɗe a 1971, sai aka yi wa ma'aikata hanyoyi a ƙarƙashin dandalin, don kada mai shigar makiyayin dawakai na ƙarni na 19 ya ratsa unguwar da ke nuna rayuwar gobe. Kamfanin da ya kashe wannan dukiya don kare idon baƙo ya san sarai abin da ake nufi da dacewa.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne EPCOT, wani dandalin Disney a Florida. Walt Disney ya yi mafarkin gina gari na gaske da mutane za su zauna a gwada sababbin dabarun rayuwa, ya rasu a 1966 bai cika burin ba. Abin da aka buɗe a 1982 baje koli ne na dindindin, rabi kan kimiyya da fasaha, rabi kan al'adun ƙasashe. A sashen Maroko, Sarki Hassan na Biyu ne ya tura masu sana'a daga ƙasarsa suka yi aikin tayil da sassaƙa da hannunsu, aka kuma gina hasumiya mai kama da ta masallacin Koutoubia na Marrakesh. A ɗaya ɓangaren aka gina rumfunan noma, sadarwa, teku da makamashi. Darasin wurin guda ne: gobe tana hannun manomi, malami, injiniya da ɗan makaranta, kuma ilimi da haɗin kai ne za su gina ta.

A 2017 aka rufe rumfar makamashi, wadda ke da faifan hasken rana a rufinta, aka buɗe Cosmic Rewind a 2022, jirgin gudu a kan dogo cikin duhu, inda jaruman Guardians ke ceto duniya daga wani ƙaton halitta. Su aka zaɓa domin yarjejeniyar 1994 ta hana Disney kawo Spider-Man da Hulk dandalinsa na Florida, wato takardar lauyoyi ce ta tantance wanda zai shiga, kafin a tambayi ko ya dace da gidan.

Labarin jarumi mai ƙarfin ban al'ajabi yana ɗauke da nasa ra'ayi game da ɗan Adam. A cikinsa, talaka mai gudu ne a titi yana neman mafaka yayin da gine-gine ke rushewa, ceto kuma yana zuwa ne daga wani zaɓaɓɓe da ya fi kowa. Labari ne mai daɗi, yana koya wa yaro jarumta da sadaukarwa, kuma ba laifi ba ne a so shi. Sai dai kishiyar abin da EPCOT ke faɗa ne. Yaron da ya fito daga rumfar noma, inda ya ga tumatir na girma ba tare da ƙasa ba, an nuna masa abin da shi ma zai iya koya ya yi.

Masu kare sauyin suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Tsohuwar rumfar makamashi kamfanin mai na Exxon ne ya daɗe yana ɗaukar nauyinta, saboda haka ita ma ba ta rabu da talla ba, kuma a ƙarshen zamaninta kujerunta da yawa wayam suke. Sun kuma nuna cewa Tony Stark na Avengers injiniya ne, Peter Parker, wato Spider-Man, ɗalibin kimiyya ne, kuma a Avengers Campus baƙo ake ɗauka a matsayin sabon kurtu da zai taimaka, yana wurga hannu yana harba zaren gizo. Wannan hujja ta fi aiki a Kalifoniya, jihar masu ƙere-ƙere da garejin da aka haifi manyan kamfanonin kwamfuta. A EPCOT ba ta isa ba, domin gyaran rumfar da ta tsufa shi ne a sabunta ilimin da ke ciki, a zamanin da maganar makamashi ta fi kowane lokaci zafi.

A Faransa an ɗauki wata hanya mai gaskiya. Dandalin Walt Disney Studios da ke kusa da Paris, wanda aka buɗe a 2002 don nuna yadda ake shirya fim, ya samu nasa Avengers Campus a 2022. Da ya bayyana cewa maganar shirya fim ta kau, kamfanin ya sanar a 2024 cewa zai sauya wa dandalin suna zuwa Disney Adventure World. A shekarar ce kuma ya sanar da ƙarin wasannin Avengers guda biyu a Anaheim, waɗanda za su faɗaɗa unguwar jaruman sosai, a dandalin da har yanzu sunan Kalifoniya ke rubuce a ƙofarsa.