Wa za mu roƙa yafiya a bakin gulbi?



Ya 'yan uwa muridai, shehunnanmu sun karantar da mu cewa tuba ba ta cika sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. To, wanda ya zuba shara ko baƙin mai a Gulbin Maraɗi, wa zai je ya roƙa? Ruwan nan ta Jibiya yake shigowa, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi, ya koma Najeriya ya haɗu da Rima. Matar da za ta ɗiba can gaba, ba ka san sunanta ba, balle ƙofar gidanta.

A Malikiyya, in najasa ta sauya launin ruwa, ɗanɗanonsa ko warinsa, ba a alwala da shi. Ke nan mai ɓata ruwa yana iya hana wani tsarki.

Tunda mai haƙƙin ba ya samuwa, a ganina biyan da ya rage shi ne gayya: kwashe shara da dasa itatuwa a gaɓa, da niyyar da muke share zawiya. Abin takaici, wani zai ziyarci waliyyai 99 na Tabkin Madarunfa, ya yi addu'a har da hawaye, ya tashi ya bar ledojinsa a bakin ruwa.