Tsufa Ma Ƙaddara Ne

A Ostireliya manoma na zagaya gonakinsu a kan babur mai ƙafa huɗu. In ka gan shi sai ka ce ba abin da zai kayar da shi, amma a gangara yakan kife ya danne mai shi har numfashi ya gagara, kuma dattawa na cikin waɗanda ya fi hallakawa. Shi ya sa tun Oktoban 2021 doka ta hana sayar da sabo in babu ƙarfen kariya a jikinsa. Mu a Birnin Gwari namu Boxer ne mai ƙafa biyu, ga buhun masara biyu ɗaure da roba, ga dattijo ɗan saba'in ya matso har kan tanki don kaya su samu wuri.

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar kara, mutane suka koma gonakin da suka bari a bakin daji. Sun tarar da gona inda take, sai dai jikin da ya dawo mata ba shi ne ya bar ta ba. Kawuna na cikinsu. Na taɓa bin bayansa zuwa wata ƙorama da damina. Ya sauke ƙafar hagu don ya tare nauyin, na ga gwiwar tana rawa, babur na karkata a hankali, salansa na dab da ƙwabrinsa. Allah ya kiyaye. Da na yi magana sai ya ce, "Ɗan nan, bindiga ba ta kashe ni ba, sai babur? Wanda kwanansa bai ƙare ba, ba ya mutuwa."

Ban musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma wanda ya kwana cikin daji yana jin ƙarar harbi ya fi ni sanin tsarewar Allah. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mun iya karɓar ƙaddara in ta zo da mutuwa ko asara, amma muna jayayya da ita in ta zo da rauni. Wanda ya rubuta ranar ajali shi ne ya rubuta cewa ido zai dushe da magariba, hannu zai yi jinkirin kama birki, ƙashin ƙugu zai yi sanyi. Dattijon da ya ƙi yarda da wannan ya karɓi rabin rubutun ne ya mayar da rabi. Shari'a kuwa ba ta jin kunyar tsufa. Ta yarje masa ya yi salla a zaune, ya ciyar in azumi ya fi ƙarfinsa. In Ubangiji ya sauƙaƙa masa a farilla, me zai sa ya tsananta wa kansa a kan buhu na biyu? Manzon Allah (SAW) da kansa ya sa sulke biyu ranar Uhudu, kuma babu wanda ya kai shi tawakkali.

Sannan ba kowace faɗuwa ce ke kai mutum kabari ba, abin da zancen kwana ke ɓoyewa ke nan. Yaro ya faɗi ya karkaɗe riga. Tsoho ya faɗi, sai mai ɗori, ko tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Kaduna, ko watanni a kan tabarma, matarsa mai ciwon baya ce ke juya shi, a sayar da masarar da aka je ɗaukowa.

Ina jin haushin 'ya'yan da maganinsu kawai ɓoye makulli. Mun ga yadda rayuwa ta tsaya lokacin da gwamnatin Kaduna ta hana hawa babur a Satumban 2021. Babur ne ke kai dattijo gona, ta'aziyya da Juma'a ba tare da ya roƙi kowa ba, kuma da yawa babu saurayin da ya rage musu a gida. Wanda ke son mahaifinsa ya sauka, to ya zo ya ɗauke shi, ya kwaso buhunan da kansa. Ni abin da na samu daga Kawu bai kai haka ba. Ya yarda da buhu ɗaya, da barin gona kafin la'asar ta yi sanyi. Hular kwano kam har yau yana cewa zafi gare ta, ni ma ban daina kawo zancen ba.