Tsakanin Mai Kallon Daji da Mai Gawo

Ranar da na shaida wa kawuna cewa zan tafi Riruwai, tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Wa ya rasu?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To, suna ne ko ɗaurin aure?" Na ce, "Ba ko ɗaya, Kawu. Duwatsu da ƙoramu kawai za mu je mu gani, mu taka da ƙafa, mu dawo." Ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake yi wa majinyaci sannu.

Ban ga laifinsa ba. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, amma bai saba tafiya don tafiyar kanta ba. Fatake sun taka daga Kano har Gwanja saboda goro, almajirai sun yi gabas saboda karatu, alhazan dā sun ratsa Sudan shekara da shekaru kafin su ga Makka. Kowace tafiya da abin da aka je nema. Wadda ba ta da shi kuwa sunanta yawo, kuma mai karatu ya san irin kalmomin da ke bin wannan kalma a baya: yawon banza, yawon duniya, yawon ta-zubar.

Dalilina na son zuwa ba wani mai tsawo ba ne. Ni mutumin ƙasar Dawakin Tofa ne. A wajenmu, daga Dawanau zuwa Kwa har Tattarawa, da wuya ka sami taki goma na ƙasa da ba su da mai su. Gona na ƙarewa wata na farawa, gamba ce kawai ko bini-da-zugu ke raba su. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, rafukanmu kuwa da zarar damina ta ɗauke sai su koma yashi. Na girma ban taɓa tsayawa a inda ba zan jiyo dakan mata ko kukan jaki ba. Shi ya sa na yi marmarin ganin wurin da ba na kowa ba.

Da kaka muka tafi, mu uku. Muka bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, wanda aka keɓe tun 1948 da sunan dajin Kogin Kano, har muka isa ƙasar Doguwa inda tsaunukan Riruwai suke. Garin tsohon wurin haƙar kuza ne, tun kafin zuwan Turawa ake narka ta a can. Wani dattijo manomi ya yarda ya yi mana jagora. Muka gangara wani kwari da hantsi, itatuwan doka da maje da marke sun haɗa kai a sama, inuwa ta yi duhu, ga ƙorama tana bin tsakanin duwatsu, ruwan garai-garai har kana ƙirga tsakuwar da ke ƙarƙashinsa. Na sa ƙafa a ciki, sanyin ya hau mini har ƙeya. Mun yi wajen awa huɗu muna tafe, wani wurin da rarrafe, kuma a tsawon lokacin nan ba na jin mun yi maganar da ta kai jimla ashirin. Dattijon ne kawai kan tsaya ya nuna itace ya faɗi sunansa da maganin da yake yi. Ba zan ɓoye ba, na ji abin da ban taɓa ji ba, wato na ji ni ƙarami ne ƙwarai, kuma hakan bai dame ni ba.

A can saman wani tudu muka tarar da kututture bakwai ko takwas, sabon sara, ga baƙin gurbin da aka toya gawayi. Raina ya ɓaci. Na shiga faɗa a kan marasa imanin da ke kashe daji. Dattijon ya bar ni sai da na gama, sa'an nan ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Amma mu nan da kara da busasshen itace muke girki. Wannan na mutanen birni ne."

Ban tanka ba. Da yamma kuma, a hanyar dawowa, muka ga buhunan gawayi jere a bakin titi, kuɗinsu bai kai na Kano ba. Muka tsaya, kowannenmu ya sayi buhu guda. Sai da muka yi nisa na tuna da faɗan da na yi da rana. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne. To ni a ranar na hau tudun na gaske, na hango na wani, ga nawa a bayan mota.

Tun daga lokacin wata tambaya ta hana ni sakat. Wa ya fi son itace, ni da na je na kalle shi har ƙwalla ta taru mini, ko kuwa kawuna da bai taɓa cewa wani itace yana da kyau ba?

Akwai gawo uku a gonar Kawu. Bai taɓa zama ya yaba su ba. Abin da ya sani shi ne gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina ƙarfi, da rani kuma 'ya'yansa abincin awaki ne. Idan zai sari reshe ya san wanda zai sara. Duk wanda ya sa wa gawon nan gatari ba da izininsa ba, to sai sun je gaban dagaci. Haka ɗorawa da kuka da tsamiya suke a gonakin maƙwabtansa. Wannan kuwa ba ganina ne ni kaɗai ba. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano. A wani bincike da shi da abokan aikinsa suka buga a 1990 kan itacen girki, sun nuna cewa duk da yawan jama'a, itatuwan gonakin nan ba su ƙare ba kamar yadda aka yi zato, manoma na tattalinsu, birni kuwa yana ƙara miƙa hannu can nesa don samun abin hura wuta. Wato itacen da ke da mai shi ya tsira, na dajin da ba na kowa ba shi ke shiga murhu.

Idan aka tsaya a nan sai a ce magana ta ƙare, mai kallo ya faɗi, mai mallaka ya ci. To amma fa da sauran rina a kaba. Shi wannan manomin da ke tsare gawonsa kamar ɗansa, shi ne kuma kowace damina yake ƙara kunya ɗaya ko biyu cikin burtali, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma ta mai keke. Shi ne ya cinye hurumin da kakanninmu suka bar wa gari. Sonsa na gaskiya ne, amma iyakarsa iyakar gonarsa. Kuma akwai abubuwan da ba sa shiga gonar kowa. Ƙoramar da na sa ƙafa a cikinta, ita da ire-irenta ne ke taruwa su zama Kogin Kano, su cika madatsar Tiga da aka gama a 1974, ruwan ya bi magudanai ya shayar da shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura. Tumatirin da ke cikin miyar Kawu da rani, watakila daga inuwar dokar nan ya faro. Idan aka aske tsaunin, ruwan sama zai kwararo gaba ɗaya da laka maimakon ya tsiyayo a hankali, lakar kuma a cikin madatsar za ta kwanta. Wa zai kai wannan ƙara gaban dagaci?

A nan ne, a ganina, tafiyar da ake kira yawo take da abin cewa. Ba ta sa mutum ya zama nagari, ni shaida ne. Abin da take yi shi ne ta raba shi da uzurin rashin sani. Kafin in je, gawayi a wurina baƙin abu ne da ake aunawa a leda. Yanzu na san daga inda yake fitowa, na ga kututturen. Mai kallo ba shi da gona a dajin, ba shi da haƙƙin hana kowa, amma ya ɗauko bashi. Kuma wurin da mutanen kirki suka daina takawa ba ya zama haka nan. A wajajen 2015 sunan Falgore ya fi fitowa a labarin ɓarayin shanu, har a 2017 sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye.

Bari in ɗan taɓa mu marubuta, tunda a gida muke. Littattafanmu na soyayya cike suke da lambuna masu ƙoramu da furanni da tsuntsaye na kuka, alhali da yawanmu ba za mu iya bambanta marke da ƙirya ba ko da za a ɗaure mu a jikinsu. Dajin da muke rubutawa na fim ne. Dattijon Riruwai bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, amma a wuni guda ya faɗa mini sunayen itatuwa fiye da waɗanda na ci karo da su a duk littattafan da na karanta a shekarar. Ina ganin wanda bai san sunan abu ba, ba zai lura da ranar da ya ɓace ba, balle ya ba da labarinsa.

Washegari na je gaida Kawu. Na same shi a gona yana kewaye wani ɗan tsiron gawo da ƙaya don kada awaki su cinye shi, tsiron da ko jikokinsa ba lalle ne su sha inuwarsa da ƙuruciya ba. Ya ce, "Ka ga abin da ka je gani?" Na ce na gani. Na fara ba shi labarin ƙoramar da sanyinta da itatuwan da suka rufe sama, yana ta aikinsa bai ɗago ba. Da na zo kan kututturen sai ya tsaya, ya girgiza kai, ya ce wannan ɓarna ce. Can kuma ya ce, "An ce ka zo da gawayi. Nawa ka sayi buhun?"