Kuɗin Mota Muka Haɗa Masa



'Yan'uwa, wannan makon ba maganar gyaran rufi ko kuɗin man janareta muka zo da ita ba. Yau wata biyu ke nan da rasuwar yaron nan mai tallan gwanjo, wanda yake shimfiɗa mana tabarmi duk ranar Juma'a tun kafin kiran farko. Ba za mu rubuta sunansa ba saboda iyayensa, amma duk mai sallah a nan Damilu ya san shi. Shekararsa ashirin da huɗu. Daga wani ƙaramin gari na ƙasar Katsina ya zo Jimeta neman kuɗin aure, kuma a can garin nasu ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba mahaifiyarsa haƙuri.

Da hunturu tarin ya fara, muka ce ƙura ce. Ya je kemis aka haɗa masa magani, ya sha, ya lafa kwana biyu, ya dawo. Daga nan sai zazzaɓin yamma, sai gumi da dare har tabarma ta jiƙe, sai rama har wandonsa ya daina zama a ƙugu. Duk mun gani. A sahu wasu suka fara matsawa gefe. Mai shayi ya ware masa kofi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka yi ta raɗa cewa ƙanjamau ne, amma ba wanda ya kama hannunsa ya ce tashi mu je asibiti. Da ya fara tofar da jini, bayan wata huɗu, muka zauna bayan Isha muka yi karo-karo, washegari muka sa shi a mota a tashar Jambutu, muka ce a kai shi gida a yi masa na gida. A can ne wani yayansa ya kai shi asibiti, aka auna majinarsa aka ce tarin fuka ne. Sai dai huhun ya riga ya cinye. Bai cika sati uku da isa ba.

Da labari ya iso, abin da kowa ya ce shi ne kwana ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Amma tambayar da ta hana mu barci ita ce: wannan magana ta wanke mu? In kwanansa ne ya ƙare, namu aikin fa, mun yi shi?

Malamai suna karantar da mu abin da ya faru lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Sayyidina Umar ya fito daga Madina, sai a hanya labarin annobar ya same shi. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a juya. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko wannan ba gudun ƙaddara ba ne. Sai Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka da raƙumansa a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya busasshe. Duk gefen da ya kora su, cikin ƙaddarar Allah yake. To amma mu kanmu mun san makiyayin da ya ga ciyawa ya kora dabbobi busasshen gefe, mai dukiya zai tambaye shi. Imani da ƙaddara bai ɗauke wa kowa nauyin zaɓi ba.

Mu ma kwari mai gefe biyu ne a gabanmu, kuma ciyawar ba nisa. A nan cikin Jimeta akwai Asibitin Ƙwararru, a Yola akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ga kuma ƙananan asibitocin gwamnati da ake karɓar maganin tarin fuka. Gwajin majina kyauta ne, maganin ma kyauta ne a duk faɗin Najeriya. Na'urar da ake kira GeneXpert tana iya gano cutar cikin kamar awa biyu. Magani wata shida ne: wata biyu na farko haɗin ƙwayoyi iri huɗu, wata huɗu na baya iri biyu. Mafi yawan waɗanda suka sha shi har ƙarshe suna warkewa sarai. Kuɗin Keke Napep zuwa asibiti da dawowa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muka tara masa ba.

Kuma cutar ba baƙuwa ba ce. Tun 24 ga Maris, 1882 likita Robert Koch ya bayyana ƙwayar da ke kawo ta a birnin Balin na Jamus, shi ya sa ake tunawa da ita a wannan rana kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 ta kama mutum sama da miliyan 10, ta kashe kusan miliyan ɗaya da kwata, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ita. A iska take yaɗuwa, in mai ita ya yi tari ko atishawa, musamman a ɗaki rufaffe mai cunkoso. Ba a ɗaukarta ta musafaha, ba a ɗaukarta ta kofi ko kwano. Ke nan kofin da aka ware masa bai kare kowa ba, zuciyarsa kawai ya ƙona.

Yanzu mu dawo kan kuɗin motar, don a nan maganar take da nauyi. Mun kira shi taimako, kuma wallahi akwai waɗanda suka bayar da zuciya ɗaya, har da wanda ya juye cinikinsa na yini guda. Allah ya saka musu. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: don shi muka yi, ko don kanmu? Mun so ya warke ne, ko mun so kada ya mutu a hannunmu, kada a ce a ɗakin wane? Mun sa mai tari a mota mai rufaffen gilashi, tafiyar yini guda, tare da fasinjojin da ba su san komai ba. Mun aika shi ɗakin mahaifiyarsa inda ƙannensa ƙanana suke kwana. Akwai kyautar da ake yi don a ɗauki nauyi, akwai wadda ake yi don a sauke shi. A ido iri ɗaya suke, Allah ne ya san bambancin.

Wani zai ce, to ai kara ce ta hana, ba a duban mutum a ce masa kana da mugun ciwo. Mun yarda kara ɗabi'armu ce, da ita muke zaune lafiya a garin da ba namu ba. Amma karar da za ta rufe bakinka har ɗan'uwanka ya mutu, wannan ta tashi daga kara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon nan ba abin kunya ba ne, ba ya tambayar asali ko hali. Nelson Mandela ya kamu da shi a 1988 yana gidan yari, aka gano da wuri, aka yi masa magani, ya fito ya mulki Afirka ta Kudu, ya rayu har 2013, kuma bai taɓa ɓoye cewa ya yi shi ba. Ko da mutum yana da ƙanjamau ɗin da ake raɗawa, shi ma da maganinsa, kuma tarin yana warkewa. Raɗar ce ba ta da magani.

Mu da muke zaman baƙunci, nauyin ya fi yawa a kanmu. A gida, uwa ce take jin tarin ɗanta da dare ta tashi. A nan babu uwa, mu ne. Duk yaron da aka ɗora a mota daga Katsina, Kano, Sakkwato ko Maraɗi aka ce je ka wurin mutanenmu a Jimeta, amana aka aiko. Alhazai masu shaguna, yaran da ke kwana a baranda da soro suna gadin kayanku, ku ne iyayensu har su koma.

Ba mu rubuta wannan don a nuna wa kowa yatsa ba, domin mai rubutun ma yana wurin, shi ya ƙirga kuɗin. Mun rubuta ne don maganar ba ta wuce ba. Samari biyar ne suka kwana ɗaki ɗaya da marigayin, kuma ɗaya daga cikinsu ya fara tari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka kwamitin masallaci ya tsayar da abu uku. Na ɗaya, ranar Litinin da safe mutum biyu daga cikinmu za su raka samarin nan biyar a duba su, kuma mun yi waya da yayan marigayin kan a kai mahaifiyarsa da ƙannensa. Na biyu, duk wanda tarinsa ya kai sati biyu, ko ya ga haka ga maƙwabcinsa, ya sami Liman ko sakatare a keɓe. Asusun masallaci zai biya kuɗin keke, kuma maganar ba za ta fita ba. Na uku, duk wanda aka ɗora a kan magani, za a haɗa shi da mutum ɗaya da zai riƙa bibiyarsa har watanni shida su cika, a kuma taimaka masa da abinci. Domin da yawa suna dainawa da zarar sun ji sauƙi, daga nan sai cutar ta dawo ta ƙi jin magani. In fitsari ya koma ja-ja, kada a tsorata, aikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne.

Iyayenmu mata, a tabbata an yi wa jarirai allurar BCG da zarar an haife su, a riƙa buɗe tagogi iska da rana su shiga. Mu ma daga yau tagogin masallaci a buɗe za su zauna.

Shi dai ya tafi, addu'a ce kaɗai za ta same shi. Allah ya gafarta masa, ya gafarta mana abin da muka gani muka yi shiru. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.
Sakataren Masallaci