Sanƙo gado ne, makero sakacinmu ne

Gashin kai amana ne, sunna kuwa ta hore mu da wanke shi, da shafa masa mai, da taje shi. Kan mutum na ɗauke da sili kimanin dubu 100, zubar 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne. Sanƙo galibi gado ne, mai shi ba ya da laifi, amma shi muke yi wa dariya. Makeron da aska guda ke yaɗawa tsakanin almajirai, da kitso mai tsauri da ke cinye goshin ƴaƴanmu mata, su muke kira ƙaddara. Mun juya al'amari. Abin da Allah ya hukunta mu karɓa da ladabi, wanda hannunmu ya jawo kuwa za a tambaye mu. Allah ya ganar da mu.